Jan Layi a Karnen Mardiya

Akwai wani ma'aikacin jinya da aka yi a garin Gure, wajajen shekarar 1995, ana ce masa Abarshi. Shekararsa ashirin da huɗu yana allura a wani ɗan ƙaramin asibiti, har mutane suka ce hannunsa albarka gare shi. Daga Kelle, daga Gamu, mutum zai hawo amalanke ya zo ya ce shi dai allurar Abarshi yake so.

Bai yi dogon karatu ba, a bakin aiki ya koya. Kwalbar magani kuwa da launin murfinta yake gane ta tun kafin ya duba sunan. Yana ji da wannan ƙwarai.

Ana nan sai aka turo wata sabuwar ma'aikaciya mai suna Hamsatu, 'yar Tawa, ba ta daɗe da gama lakwal ba, wato makarantar boko. Ita kuma akwai ta da tambaya. Kafin ta ba ka magani sai ta ji wanda ka taɓa sha da yadda jikinka ya karɓe shi. In ka ce wani ya taɓa fito maka da ƙuraje ko ya kumbura maka fuska, sai ta ɗauko jan bik, irin biron nan, ta ja layi a bangon karnenka, wato ɗan littafin nan na marar lafiya, ta rubuta sunan maganin.

Ta kuma liƙa wata takarda a bango, daidai saman teburin Abarshi, don a nan ake jera kwalabe. A jikinta ta rubuta magungunan kashe ƙwayoyin cuta gida-gida.

Ta ce, "Baba Abarshi, su ma dangi gare su kamar mutane. Wanda jikinsa ya ƙi ɗaya, sau da yawa 'yan gidan duka yake ƙi."

Ya yi tsaki. "Yarinya, ran da na fara soka allura ko auren iyayenki ba a ɗaura ba."

Daga ranar ya ƙudurta a ransa ba zai ɗaga kai ya dubi takardar nan ba. Kuma mutumin naku ya cika alkawari.

Sannu a hankali bencin ƙofar Hamsatu ya fara cika, nasa yana raguwa. Abin ya tsaya masa a rai. In ya ji ana yabonta a kasuwa, ranar ko tuwo ba ya masa daɗi. Abin da ya fi ƙona shi, wata tsohuwa Yabawa, wadda ya yi shekaru yana dubawa, ta wuce shi ranar wata Talata tana dogara sanda.

"Sannu da aiki, Abarshi. Wajen 'yar nan za ni, ita tana zama ta ji bakin mutum."

Ya amsa da dariya, amma a ciki kishi ne ke cin sa kamar gara. Ko sunanta ya daina kira, sai dai ya ce "'yar lakwal".

Wata safiya sai ga 'yarsa Mardiya, wadda ke aure a Gidigir, ta iso da tari da zazzaɓi, ƙirjinta na mata ciwo. Abarshi ya ji daɗi a ransa, ga dai wadda ba za ta tsallake shi ba. Ya zaunar da ita, ya karɓi karnenta.

Sai ga jan layi a bangon. Ƙarƙashinsa an rubuta penisilin, da hannun Hamsatu.

"Yaushe kika je wajenta?"

"Cikin azumi, Baba, lokacin da ka tafi Damagaram. Na gaya mata allurar da aka yi mini bayan haihuwa ta fito mini da ƙuraje, har idona ya kumbura. Ta ce kada in bari a ƙara yi mini ita ko danginta."

Kunya da haushi suka taru suka rufe shi. 'Yar cikinsa, da rubutun yarinyar nan a littafinta! Ya fizge bangon karnen ya jefar ƙarƙashin tebur.

Amma fa uba ne, ba zai yi wasa da ran 'yarsa ba. Ya ce, "To, penisilin ta ce ko? Ba shi zan yi miki ba. Ga ampisilin, kwalbarsa daban, sunansa daban."

Ya haɗa, ya yi mata.

Ko minti biyar ba a yi ba Mardiya ta fara susar wuya. Leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma kamar mai yin fito.

"Baba... maƙogwarona..."

Sirinji ya faɗi daga hannun Abarshi. Ya ga 'yarsa na sulalewa daga kan kujera, ya buɗe baki ya ƙwala kiran da ya yi wata bakwai bai yi ba.

"Hamsatu!"

Ta shigo da gudu. Kallo ɗaya ta yi wa Mardiya, ta yi wa kwalbar ɗaya, ta gane. Ta fasa kwalbar adirenalin ta soka mata a cinya, ta ɗaura mata ruwa. Da ta ga numfashin bai saki ba, bayan 'yan mintuna ta ƙara ta biyu.

Mutane sun cika taga suna salati. Hamsatu ba ta ce wa Abarshi kanzil a gabansu ba, sai dai, "Baba, riƙe mata hannu, ta ji kana nan."

Can sai Mardiya ta ja dogon numfashi, ta buɗe ido.

Da hankali ya kwanta, Hamsatu ta kawo wani magani, eritromisin, ta ce wannan ba gidansu ɗaya da penisilin ba, shi Mardiya za ta sha in ta ƙara samun ƙarfi. Ta koma wajen masu jiranta.

Abarshi ya zauna kan kujerarsa. Sannan ya ɗaga kai.

Layi na farko a takardar, penisilin. Daidai ƙarƙashinsa, a gida ɗaya, ampisilin. Wata bakwai rubutun nan yana saman kansa, ko taku ɗaya ba sai ya yi ba.

Ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka.

Bayan la'asar ya sunkuya ya ɗauko bangon karnen, ya ɗinke shi da zare. Ya je ya tsaya a ƙofar Hamsatu, bayan mutum uku da ke jira, har layi ya zo kansa.

Ya ce, "'Yata, ara mini jan bik ɗinki."

Ta miƙa masa. Ƙarƙashin rubutunta, da hannunsa, ya ƙara ampisilin.

Darasi: Kishin wanda ya san abin da ba ka sani ba ba ya rage shi da komai, kai yake hana koyo, wani lokaci kuma naka ne ke shan wahalar. Sannan bambancin suna ko kwalba ba ya nuna magani biyu ba dangi ba ne. In wani magani ya taɓa yi maka illa, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin ya ba ka komai. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai mai jan layi a cikinsu.