Motar Mainasara da Gonar Gado

Akwai wani direba a Zango mai suna Mainasara. Shekara goma sha ɗaya yana jigilar gero da awaki zuwa kasuwanni da tsohuwar a-kori-kurarsa, kuma da ita yake ciyar da gidansa.

Ana gab da kaka sai motar ta fara ciwo. Tafiya kaɗan injin ya ɗau zafi, farin hayaƙi na fita ta salansa. Ya lallaɓa ta zuwa wani gareji a Daura. Bakaniken ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya ga ya haɗe da ruwa, ya girgiza kai.

"Injin nan ya gama aiki. Ka sayar wa 'yan gwangwan, ka nemi wata."

Mainasara ya koma gida jiki a sanyaye. Ba shi da abin sayen wata motar sai gonar da mahaifinsa ya bar masa. Kafin kwana biyu har ya sami mai saye.

Mahaifiyarsa, Iya, ta sa aka kira shi. "Na ji za ka sayar da gona. Mutum nawa suka duba motar?"

"Mutum ɗaya ne, Iya, amma ya san aikinsa."

"Ka ba ni mako guda. Ka kai ta Sandamu wurin Malam Kalilu. In shi ma ya ce ta mutu, ba zan hana ka ba."

Ransa bai so ba. A ganinsa Malam Kalilu tsoho ne, garejinsa ma gindin bishiyar darbejiya ne kawai. Amma maganar uwa ce, sai ya sa aka ja motar zuwa can.

Tsohon ya buɗe gaban motar. Ya kunce saman injin, ya zare lagireto, wato ma'ajin ruwan da ke sanyaya injin, ya zazzage shi. Sai ga laka tana zubowa.

"Wane ruwa kake zuba mata?"

Mainasara ya sunkuyar da kai. "Na kududdufi, in na ƙare a hanya."

"To kai ka toshe ta. Zafi ya ƙona gaskit ɗin da ke raba ruwa da mai, shi ya sa ruwa ya shiga mai. Injin lafiyarsa lau."

Kwana uku ana aiki. Ranar da aka tada ta, Mainasara ya tuƙa har Dutsi ya dawo, idonsa na kan allurar zafi. Ba ta motsa daga tsakiya ba. Ya tsaya gefen titi, ya kifa goshi a kan sitiyari, yana ta hamdala.

Da zai tafi, Malam Kalilu ya ce, "Ba zan ruɗe ka ba, ɗana, ta tsufa. Za ta kai ka kaka biyu ko uku in ka kula da ita. Ka fara tanadin wata a hankali."

Da la'asar ya tsaya ƙofar gida, ya aika wa mai sayen gona cewa an fasa. Iya na zaune tana tsince wake, ta ji ƙarar motar, ta ce, "Alhamdu lillahi. Shigo ka ci abinci, kwana nawa rabonka da cin na kirki."

Darasi: Kada tsoro ya sa ka rabu da abin da ba zai dawo ba a kan maganar mutum ɗaya. Ka yi haƙuri, ka ƙara bincike, ka saurari manya. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na gab da yanke irin wannan shawara.