Ƙyallen Da Ya Ƙi Yin Shuɗi

Wana Tukur, Allah ya jiƙansa, shi ya karanta mini wannan hikaya a wani tsohon littafi. Shi aka bari a makaranta, ni aka kai marina, kuma ban taɓa yafe masa ba.

An ruwaito cewa wani Sarki ya tara mutane ya ce duk wanda ya fi sanin sirrin rinin baba, shi zai riƙa rina tufafin fada. Jatau Sarkin Karofi, shugaban masu rini, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙyalle yakan fito daga rami kore, a shanya shi ya koma shuɗi. Shekara arba'in bai saɓa ba."

Sai wani baƙon falke, Sambo, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa, amma iska ce ke mayar da shi shuɗi. Wata rana ina sauri, na cusa ɗanyen rini cikin salkar fata na ɗaure. Da na sauka zango na kwance, na tarar da shi kore."

Fadawa suka yi ta jinjina wa baƙo. Hassada ta turnuƙe Jatau, ya ce, "Mai jaki ne zai koya mini rini? Nasa zato ne! Sai zaton nan ya tsufa kafin ya zama doka irin tawa."

Sarki ya sa aka tsamo ƙyalle biyu. Aka shanya ɗaya, aka danna ɗaya cikin tulu aka liƙe bakin da kakin zuma. Na shanya ya yi shuɗi. Aka fasa tulu, ga na ciki kore shar, yana shan iska ya fara rinewa a gaban kowa.

Sarki ya ce, "Jatau, dokarka ta faɗi abin da ke faruwa. Bayanin Sambo ya faɗi dalili, an gwada kuma ya tsaya. Ba ƙanin dokarka ba ne, balle ya girma ya zama ita. Ku yi aikin tare." Jatau ya karɓa ba da son ransa ba.

Ranar da Yaya Tukur ya gama karanta mini, na ce masa, "Wato ni ne Jatau ko?" Ya yi dariya, na tashi na bar masa wurin.

Yanzu kullum ina tsamo ƙyalle, ina kallonsa yana komawa shuɗi. Tambayoyi sun cika mini ciki, wanda zan kai wa su kuwa yau kwanansa arba'in a ƙasa.