Buhun Mukhlis Mai Wanke Tukwane

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani birni mai sanyi can ƙetaren teku. Sunansa Mukhlis. Mutumin Bangladash ne, cikin waɗanda neman abinci ya kai ƙasar Turawa tun da jimawa. Aikinsa wanke tukwane a gidan abinci.

Ku saurara. Mutanen nan sun zo da wata al'ada daga garinsu. Duk matar da za ta ɗora sanwa, sai ta ɗebi shinkafa cikin tafin hannu ɗaya ta zuba a wani tulu daban, rabon mabuƙata. Da masaƙar da yawancinsu ke aiki ta rufe, yunwa ta shiga gidaje, sai dattawan masallaci suka ce a tayar da al'adar. Wa zai riƙa tarawa yana rabawa? Aka ce Mukhlis.

To, ga yadda yake yi. Ran Juma'a ya saɓa buhu, ya bi gida gida. Gidan mai hali ya shiga, gidan marar hali ya shiga. Ya tsaya a ƙofar madafa, ya yi sallama, ya shiga, a rufe ƙofa. Ya fito da buhunsa. Ɗiba ya yi, ko zubawa? Maƙwabci bai sani ba. Bai sani ba, jama'a! Har wanda jiya yake ciyar da mutane, yau ya ci bai sunkuyar da kai ba.

Ana nan sai Alhaji Tufazzal, mai babban kanti a unguwar, ya miƙe bayan salla.

Ya ce, "Mukhlis bhai," wato ɗan'uwa, "kullum muna zubawa, ba mu taɓa ganin mai ci ba. Faɗa mana su wane ne."

Mukhlis ya ce, "Alhaji, ba zan faɗa ba."

"To, ko kai ne su? Na ga kumatunka sun ciko."

Aka yi dariya. Mukhlis ya ji ta har cikin ƙashinsa. Bai da gida, bai da kanti, sunan nan na kirki shi kaɗai ya mallaka, ga shi ana yayyaga shi. Kuma a sahun gaba yana kallon mutanen da suka ci shinkafar nan jiya, kansu a ƙasa. Suna ɗaya zai kira ya wanke kansa.

Ya ce, "Kumatu dai na gado ne. Sunaye kuwa ba nawa ba ne balle in bayar."

Mako ya zagayo. Wasu gidaje suka hana shi shiga. Wata tsohuwa ta ce masa ta bayan ƙofa, "Ɓarawon shinkafa, wuce!" Ya ce, "Allah ya ba mu lafiya, Inna." Ya wuce gida na gaba.

Da liman ya ga abin zai watse, sai ya ce, "Alhaji, kai ke da shakka. Wannan Juma'ar kai za ka ɗauki buhun."

Alhaji ya ɗauka, Mukhlis na gaba yana sallama. Abin da ya gani a madafan nan, Allah ya sani, shi ya sani. Ya dai dawo masallaci da la'asar, buhu wayam, idonsa ja.

Jama'a suka taso masa. "To, Alhaji, su wane ne?"

Alhaji ya ce, "Ba zan faɗa ba."

Ya juya ya kama hannun Mukhlis. "Bhai, ka yafe mini."

Mukhlis ya ce, "Na yafe tun ranar. Kawo buhun, ka riƙe shi ba daidai ba, zai yage."

Tun daga nan ba wanda ya sake tambaya, kuma tulunan suka ci gaba da cika.

'Yan'uwa, bayarwa ba ita ce mai wuya ba. Rufin asiri shi ne mai wuya. Mu yau mudu ɗaya za mu kai gidan maraya, sai mun ɗauki hoto mun watsa a waya. Ya ci tuwon, ya ƙoshi da kunya. Wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah zai rufa nasa. A layinku akwai gidan da ba a hura wuta ba yau, kun san shi. Ku kai, ku yi shiru. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.