Wasiƙar da Aka Aika Gidan Renita

Akwai wata mai gyaran gashi a wani ƙaramin gari a jihar Mississippi ta Amurka, ana ce mata Miss Odessa. Shekara talatin tana kitso, don haka duk matar da mijinta ke duka ta sani. Kumburin da gashi ya rufe ba ya ɓuya wa yatsunta.

Wata rana Dakta Pettway ta zo daga jami'a, tana bincike kan dukan da baƙaƙen mata ke sha a gidajensu. Odessa ta ba ta ɗakin bayan shagonta, ta yi ta lallashin mata su shiga a yi hira da su. Har wata mai zuwa kitso, Renita, wadda ba ta taɓa buɗe baki kan dukan da take sha ba, ta shiga ta fito ido jajur.

Da aka gama, Dakta ta ce za ta aika wa kowacce wasiƙar godiya gida.

Odessa ta ce, "A'a 'yata, ki aiko su nan shago. Mijin Renita ne ke buɗe akwatin wasiƙarsu."

"Ƙa'idar jami'a ce, Miss Odessa. Ni na koya miki kitso?"

Wata da ake wanke wa kai ta ce, "Ai da kin bari ita ta koya miki, da kan nan naki ya ga rahama."

Aka yi dariya, ban da Odessa. Sau uku tana buga waya ofishin Dakta, ba a ɗauka ba.

Ranar Laraba wasiƙar ta iso, sunan binciken ɓaro-ɓaro a bayan ambulan. Mijin ne ya buɗe.

Kwanan Renita tara a asibiti. Muƙamuƙi ya karye, kunnen hagu ya daina ji.

Bayan wata guda Dakta ta dawo zagaye na biyu, da kwalin kek a hannu. Asabar ce, shago cike, amma ba wadda ta ɗago kai.

"Na zo ba Renita haƙuri. Tana ina?"

Odessa ba ta saki gashin da take kamawa ba. "Tana gidansa. Ta daina zuwa nan, ko a coci ba ta kallona. Ke ba ta san ki ba, Dakta. Ni ce na riƙe hannunta na ce shiga, ba abin da zai same ki."

Dakta ta kwashi takardunta ba ko layi ɗaya a kai.

Darasi: Wadda ta ba ka sirrinta, ranta ta ba ka riƙo. Kome karatunka, ka saurari wanda ya san gidan. Don Allah ku tura wa wasu, ni dai ina da 'ya'ya mata, abin nan ya tsaya min a rai.