Dutsen da Ke Tayar da Mota

Akwai wani mutum mai tsohuwar mota, motar kuwa tana da wani hali. Wata rana da ya murɗa makulli sai ta tashi kamar sabuwa. Wata rana kuma sai ta ce ƙas, fitilunta su dushe, ta yi shiru. Ba wanda ya san ranar da za ta yarda.

Da fari mutumin ya ce laifin batir ne, ya sayi sabo. Motar ta yi biyayya na ɗan lokaci, sa'an nan ta koma halinta. Ya ce to kik ne, wato na'urar da ke tayar da inji, aka kwance aka duba, lafiyarsa ƙalau. Sai ya ɗora wa sanyin safiya laifi, daga baya kuma ya ɗora wa matarsa, wai tana buga ƙofar motar da ƙarfi.

Matar ta ce, "Baban Tabita, jiya ko kusa da ita ban je ba, ta ƙi tashi. Ko daga kicin nake buga mata ƙofar?"

A ƙarshe ya kira makanike. Makaniken ya buɗe bonet, ya nuna masa kan batir, inda babbar waya take kamawa. Wani farin gari kamar kanwa ya taru a wurin, ƙarfen da ke riƙe wayar kuma ya yi sako-sako. Domin ya nuna masa inda ciwon yake, makaniken ya ɗauki dutse a ƙasa, ya ƙwanƙwasa wurin, ya ce a murɗa makulli. Nan take motar ta tashi.

Makaniken ya ce, "Ka gani, Baba? Wuta tana nan, hanyarta ce ta toshe. Ka bar mini motar zuwa yamma, in wanke, in kankare, in sa sabon ƙarfe in ɗaure."

Amma mutumin ba ya sauraronsa, dutsen yake kallo. Ya ce, "Ba sai ka wahala ba, ɗana. Ba ni dutsen."

Tun daga ranar dutsen ya sami mazauni a ƙarƙashin kujerar direba. In mota ta ce ƙas, sai mutumin ya fito cikin natsuwa, ya buɗe bonet, ya ƙwanƙwasa, ya koma. Har ya riƙa koya wa waɗansu masu mota a ƙofar majami'a bayan sujada. Abu ɗaya ne bai lura ba: da can taɓawa kaɗan ta isa, amma a kwana a tashi sai da ya zama yana bugawa da ƙarfi.

Ana nan sai wata gwauruwa maƙwabciyarsu ta tashi aurar da 'yarta. Mutumin ya yi mata alkawari shi zai kai amarya majami'a. Wani ɗan'uwanta ya ce zai aiko da mota daga birni, gwauruwar ta ce a'a, Baban Tabita ya riga ya yi magana, ba za ta kunyata shi ba.

Da safiyar ranar, ya kai motar gidan amarya, ya koma gida ya sa babbar riga. Kafin ya dawo, matan zumunta sun yi aikinsu da zuciya ɗaya. Sun wanke motar ciki da waje. Sun ɗaura mata ribon fari da ruwan hoda tun daga hanci, suka ratsa ta kan bonet, suka ƙulle a madubai, suka dasa furanni a tsakiya.

Amarya ta shiga da farar rigarta, mata suna waƙa. Mutumin ya zauna, ya gyara hula, ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙas.

Ya yi murmushi, ya sa hannu ƙarƙashin kujera. Babu kome.

Ya ce wa shugabar zumunta, "Mama, akwai wani dutse a nan."

Ta ce, "Wannan ƙazantar? Mun yar. Ina aka taɓa ɗaukar amarya da dutse?"

Ya fita zai buɗe bonet, sai ta tare gabansa, ta ce ribon ɗin nan tun asuba suke fama da shi. Da ƙyar ta yarda aka yanke. Ya duba tsakar gida, an share ta fes saboda baƙi, ko tsakuwa babu. Ƙararrawar majami'a kuwa ta fara kaɗawa. Cikin gaggawa ya fizgi taɓarya daga jikin turmi, ya ɗaga, ya buga. Ƙarfen nan da farin gari ya daɗe yana ci ya rabu biyu, waya ta faɗi gefe.

Haka amarya ta tafi majami'a a kujerar gaba ta a-kori-kurar da ta kwaso tukwanen shinkafa, mata a baya suna riƙe da murafu. Gwauruwar ba ta yi masa faɗa ba. Da za ta hau, ta ce kawai, "Baban Tabita, ka biyo mu a hankali. Ka taho da furannin."

Ya isa da ƙafa, rungume da furanni, bayan an riga an sa zobe.

Ma'anar wannan misali ita ce, batir ɗin nan ikon Allah ne, wanda bai taɓa raguwa ba. Wayar ita ce zumuncinmu da shi. Farin garin kuwa ƙananan abubuwa ne da muke bari su taru: gabar da ba mu kashe ba, ƙaryar da muka saba da ita, addu'ar safe da muke ɗagawa zuwa gobe. Sa'ad da ƙarfinmu ya fara ɗaukewa, mukan yi kamar mutumin nan. Mu ce laifin fasto ne, mu sāke majami'a. Mu ce laifin mai gida ne ko uwargida.

Dutsen shi ne addu'ar da muke tunawa da ita ranar wahala kaɗai. Allah cikin jinƙansa yakan amsa, sai mu ɗauka mun sami dabara. Makaniken ya ɗauki dutsen ne domin ya nuna inda ciwo yake, amma mutumin ya mai da shi magani. Ku lura kuma, ba shi kaɗai ya sha kunya ba. Wadda ta dogara ga maganarsa ita ce ta kai 'yarta aure a tsakanin tukwane.

'Yan'uwa, kowannenmu ya san inda farin garinsa ya taru. Mai gyara bai roƙi abu mai yawa ba, cewa ya yi a bar masa motar zuwa yamma. Mu ba shi yammar nan tun amarya ba ta shiga ba.