Kyauta da Jan Tauraro

"Ƙarya kike, tsohuwar banza!"

"Ƙarya dai taka, Malam Ɗanjuma!"

A gaban Hakimi ake wannan cacar baki. Annoba ta cinye ƙauyuka uku, Kyauta mai magani kuwa tana cika baki cewa ba abin da turaren tafarnuwarta ba ya kora. Malam, mai duban Hakimi, ya ce jan tauraro ne ya kawo cutar, da bakinsa ya gaya masa.

Hakimi ya ce, "To Kyauta, kori tauraron nan kafin gobe, ko ki koma can inda ake mutuwa."

Ta durƙusa. "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai turare ba ya ci daga nesa, sai an lulluɓe mutum da zane." Ta maƙe murya irin ta Malam: "'Tauraro ya ce mini, tauraro ya ce mini.' Tunda abokin hirarsa ne, ya kira shi ya sauko, ni in lulluɓe shi. In ba ya kiruwa, da wa yake hirar?"

Hakimi ya zuba wa Malam ido.

Malam ya gyara rawani, ya yi tari. "Ai... kurma ne, ranka ya daɗe."