Saƙon da Ke Bakin Takwara

A ikilisiyarmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Mai Karatu. Shi yake karanta Maganar Allah kowace Lahadi kafin fasto ya hau wa'azi, kuma gaskiya Allah ya ba shi murya. Idan ya buɗe baki, har mai gyangyaɗi a bencin baya sai ya gyara zama. Matsalarsa ɗaya ce, ya san da muryar nan tasa. Girman kai ya cika masa ciki, ko yaro aka yaba a gabansa sai ka ga fuskarsa ta canza. Bencina yana bayan na iyalinsa shekara da shekaru, matarsa kuma aminiyata ce, don haka ba jita-jita zan ba ku ba.

Yana da 'ya guda ɗaya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, tsohuwar tana ce mata Takwara, sunan ya bi ta. Yarinyar ba ta kallon mutum cikin ido, ba ta son a taɓa ta ba shiri, ƙara mai ƙarfi kuma tana sa ta toshe kunne ta durƙushe. Tun tana 'yar shekara huɗu likita ya ce abin da ake kira galahanga ne, ba hauka ba ne, haka ƙwaƙwalwarta take aiki. Ba ta hira irin tamu. Amma duk abin da ya shiga kunnenta, tana iya mayar da shi daidai, da muryar mai shi, da tarinsa, da inda ya ja numfashi. Dokarta ɗaya ce: daga farko take somawa. Idan ka katse ta, ba za ta ci gaba daga inda ta tsaya ba, sai dai ta koma farko.

Kakarta tana kiran wannan baiwa. Ubanta yana kiransa abin kunya.

Wata Lahadi aka yi manyan baƙi a majami'a. Mai Karatu ya sha guga, ya hau mumbari, ya soma karatu. Ana tsakiya sai harshensa ya sarƙe a wani dogon suna, ya faɗe shi sau biyu ba daidai ba, ya yi gyaran murya ya wuce. Da ya sauko, wuri ya yi tsit. Sai ga muryarsa ta sake tashi daga benci na uku, daga bakin yarinya 'yar shekara tara. Ta karanto nassin tun daga farko, babu kalma ɗaya da ta faɗi. Ta zo wurin sunan nan, ta sarƙe sau biyu, ta yi gyaran murya. Majami'a ta kwashe da dariya, har baƙin.

Ni a ranar tsigar jikina ce ta tashi, don aya ashirin da wani abu yarinyar ta haddace da ji ɗaya. Shi kuwa dariyar kawai ya ji.

Da suka koma gida ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ko takalmi bai cire ba.

"Mama, na ce a daina kai ta sujada. Ke kika nace."

"Gidan Ubanta ne, ba naka ba," in ji tsohuwar. "Shi da ya yi ta bai ji kunyarta ba."

"To ni na ji. Ke da ita kun zame mini kaya. Da Allah zai sauke mini, da na huta."

Matarsa ta ce tsohuwar dubansa kawai ta yi. Daga ranar ya daina shiga ɗakinta. Mako uku yana wuce ƙofar safe da yamma, ko gaisuwa babu. Ya kuma kafa doka cewa Takwara ba za ta ƙara taka majami'a ba, ta zauna gida da kakarta.

Ranar Lahadi ta huɗu, yana kan mumbari yana karatu, tsohuwar ta cika. Babu kowa a gidan sai Takwara. Da aka taso daga majami'a aka same ta zaune a ƙasa kusa da gadon, ta riƙe gefen zanen kakarta, tana jijjiga jiki gaba da baya. A kan kujera akwai kofin shayi da ya huce, da cokali a ciki.

Aka yi jana'iza, masu ta'aziyya suka watse. Kwana biyu bayan nan Mai Karatu ya dawo daga aiki da rana tsaka. Yana tura ƙofar falo, Takwara ta miƙe tsaye daga inda take jera murafun kwalba. Ta yi ƙarar cokali a jikin kofi da harshenta, sau uku. Ta yi tari, busasshen tarin nan mai ƙarewa da ɗan fito. Sannan murya ta fito daga bakinta, tsohuwa, a gajiye.

"Kumatu. Kumatu, ɗana."

Jakar hannunsa ta faɗi. Kumatu sunan da uwarsa take kiransa da shi ne tun yana tsumma, kuma ta daina faɗarsa a gaban mutane tun kafin ya yi aure. Ko matarsa ba ta san shi ba. Ya daka tsawa, yarinyar ta toshe kunne ta durƙushe.

Washegari haka. Jibi haka. Duk lokacin da ya turo ƙofar nan, sai cokali sau uku, sai tari, sai sunan. Wani lokaci takan kai ga "Kumatu, ɗana, ka zauna ka ji," kafin ya katse ta. Ya koma shiga gida ta ƙofar kicin. Ya rame. A majami'a muryarsa ta soma rawa, yana karatu yana waiwayen benci na uku. Bai gaya wa kowa abin da yake tsoro ba, amma matarsa ta gane: gani yake uwarsa ce ta dawo da maganar da ya gaya mata a bakin ƙofa.

Ya je wurin fasto, wani tsoho mai sanyin hali, ya ce aljani ya shiga 'yarsa.

Fasto ya ce, "Dattijo, matattu suna hannun Ubangiji, ba sa yawo a bakin yara. Yarinyar nan abin da ta ji take faɗa, kai ma shaida ne. Ranar nan wane aljani ne ya karanta nassi da muryarka? Ka taɓa barinta ta kai ƙarshe?"

"In zauna in saurari muryar gawa?"

"Ka zauna ka saurari 'yarka."

Matarsa ma ta roƙe shi. "Baban Takwara, ka lura mana. Yini nake da ita, ba ta taɓa yi mini ba. Ba ta yi wa kowa. Sai kai, sai ka shigo. Don Allah ka daure sau ɗaya."

"Wato ke ma kin fi ni sanin abin ruhu ke nan," ya ce. Mutumin da ya saba a saurare shi, zama ya saurari wani ya fi masa komai wuya.

Ranar wata Asabar da hantsi, matarsa ta tafi taron zumuntar mata. Sai ya kawo wani mai addu'a daga can wata unguwa, wanda ake kira Mai Ƙararrawa, tare da ƙarti biyu. Ba ɗan ikilisiyarmu ba ne, fasto bai san da zuwansa ba. Ni da yake maƙwabta muke, ina shanya a bayan gida na ga shigarsu, na aika a kira uwar, na nufi tagar falon.

Mai Ƙararrawa ya ce a bar ruhun ya yi magana tukuna, a san sunansa. Mai Karatu ya fita ya sake turo ƙofa. Takwara ta miƙe. Cokali sau uku. Tari. Karon farko ke nan da ba a katse ta ba, kuma da kunnena na ji, muryar tsohuwar ce sak, har da yadda take jan numfashi tsakanin kalmomi.

"Kumatu. Kumatu, ɗana, ka zauna ka ji. Takwara, riƙe mini wannan, kin ji? Idan Babanki ya shigo ki ba shi. Ke kaɗai ce ba kya mantuwa a gidan nan. Kumatu, jikina ya gaya mini ba za ka same ni ba. Maganar da ka faɗa mini a bakin ƙofa, na kwana da ita, na tashi da ita. To ga abin da zan ce maka. Ni dai na..."

Mai Karatu ya yi ihu. "Ku riƙe ta da kyau! Ku rufe mata baki!"

Tsoro ne ya sa shi, tsoron kalmar da za ta biyo baya, a gaban baƙi. Ƙartin suka danne yarinyar. Ɗaya ya sa tafin hannu ya toshe mata baki. Mai Ƙararrawa ya dinga kaɗa ƙararrawarsa a saitin kunnenta yana ihu, yarinyar da ƙarar murfin tukunya ma take sa ta kuka. Sun kulle ƙofa ta ciki, na buga ta har hannuna ya kumbura. Kafin uwar ta iso da fasto, an fi rabin awa ana abu ɗaya. Muka sami Takwara a ƙarƙashin tebur, idonta a buɗe, ba ta kuka, ba ta motsi.

Mai Ƙararrawa ya ce aiki ya yi kyau, ruhun ya yi shiru. Fasto ya nuna masa ƙofa. Sannan ya sa na maimaita abin da na ji ta taga. Ina faɗa ina kallon Mai Karatu. Da na zo wurin "idan Babanki ya shigo ki ba shi," sai na ga ya zauna a ƙasa.

"Saƙo ne," in ji matarsa. "Mama ta rasa wanda za ta ba wa, ta ba ta. Kusan wata biyu yarinyar nan tana ƙoƙarin cika aike, kana yi mata tsawa."

Ya rarrafa zuwa bakin teburin. "Takwara. 'Yata. Ƙarasa mini. Mama ta ce ita dai ta me?"

Yarinyar ta juya fuska bango.

Wata bakwai ba a ji sautinta ba. Likita ya ce firgita ce, a yi haƙuri, a daina matsa mata. Mai Karatu ya ajiye karatu a majami'a da kansa. Kullum idan ya dawo aiki sai ya tsaya a bakin ƙofar falo, ya yi addu'a, ya turo ta a hankali. In bai ji komai ba, ya fita ya sake shigowa. Na sha ganinsa yana yin haka sau biyar, sau shida, babban mutum da furfurarsa. Abin tausayi, abin tsoro.

Wata rana da yamma ya turo ƙofar, Takwara ta ajiye murafunta ta miƙe tsaye. Shi kuwa ya zube a kan gwiwa, hawaye yana zuba, ya ce, "Ina ji, 'yata. Na zauna. Ina ji."

Yarinyar ta buɗe baki. Muryar da ta fito mai kauri ce, mai daɗi, wadda duk ikilisiya ta sani.

"Ku riƙe ta da kyau! Ku rufe mata baki!"

Yau shekara shida ke nan. Takwara ta koma majami'a, ubanta ne yake riƙe mata jaka. Tana mayar da waƙoƙi, tana mayar da wa'azin fasto, tsofaffin da ba su samu zuwa ba a kai musu ita gida su ji sujadar daga bakinta. Amma muryar kakarta ba ta sake fitowa ba. Har yau bai san ko "na yafe" tsohuwar ta ce ba, ko wani abu dabam.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yaron da Allah ya yi dabam ba kuskure ba ne, ba kuma mazaunin aljani ba ne. Ubangiji Yesu bai kori yara daga gabansa ba, bai kuma ce sai masu kallon ido da iya gaisuwa za a kawo masa ba. Kowane yaro da baiwarsa, ko da ta zo a siffar da ba mu saba gani ba. Iyaye, ku nemi shawarar likita da ta makiyayi mai hankali, kada kunyar mutane ko tsoro su sa ku miƙa ɗanku ga masu ihu. Ku koyi zama ku saurara har ƙarshe. Wanda ya rufe bakin irin wannan yaro saboda girman kai, wataƙila saƙon da ya fi bukata a rayuwarsa ya rufe, kuma ba lallai a sake ba shi ba.